Lifidin Mota: Wa Zai Ɗauki Nauyin Ƙarfen?

Laccar da aka gabatar wa 'yan uwa Hausawa mazauna Greensboro, Jihar Carolina ta Arewa, Amurka

 

Shugaban wannan zama, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa na Nijar da Najeriya da Gana, da yaranmu haifaffun nan waɗanda Hausarsu ke ɗingishi amma suka daure suka zo, barkanmu da yamma. Na san wasunku daga wurin aiki suka wuto ko gida ba su leƙa ba, wasu kuma sun yi ta zagaye titin Elm suna neman inda za su ajiye mota. Allah ya saka da alheri.

Ni ba malamin jami'a ba ne, bakanike ne. A Kano na koyi riƙe sifana, ina yaron gareji ana aikena Ƙofar Ruwa sayen noti da guntun ƙarfe. Na yi aiki a Maraɗi, daga baya abinci ya kirawo ni ƙasar nan. Abin da ya sa na amsa wannan gayyata, a 'yan shekarun nan magana ɗaya nake ta ji daga bakin mutane daban-daban: "Maigida, a sa mini ƙarfe." Saurayi ya sayi Jeep Wrangler, ya ga abokan aikinsa suna tafiya dajin Uwharrie ƙarshen mako, yana so a lulluɓe masa ita da faranti. Alhaji ya ci gwanjon Tacoma ko 4Runner, zai loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, yana so ta isa gida da shirin hanyar ƙauye. Akwai kuma wanda zai bugo waya daga gida, ya sassauta murya, ya tambaya ko da ƙarfen da za a cusa masa a ƙofa, don hanyar da yake bi ba ta da lafiya. Duk sulke suke nema. Amma na farko dutse yake tsoro, na biyu rami da kututture, na uku harsashi, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Mu fara daga gida, don kada yaranmu su zaci Bature ne ya fara wannan tunani. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausa. Lifidi, ga wanda bai taɓa ganin hawan sallah ba, wani bargo ne mai kauri da ake ɗinkawa a cusa masa audugar rimi, a rufe doki da shi daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa nasa. Kibiya mai dafi in ta zo sai ta maƙale a cikin audugar. Ya yi amfani, shi ya sa ya daɗe; har gobe in ka je Hawan Daushe za ka ga 'yan lifidi kusa da sarki. Sai dai kakanninmu sun san abin da yake ci. Dokin lifidi ba ya doguwar sukuwa, kuma sai an zaɓo ƙaƙƙarfa. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya ta Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai mutum biyu sun ɗaga ɗan lifidi kafin ya hau doki. To wanda sai an ɗora shi, in ya faɗo a fagen fama fa? Ga kibiya mai wuta, wadda auduga ba ta da maganinta. Don haka ba a taɓa sa wa dukan dawakin runduna lifidi ba. 'Yan kaɗan ake sa wa, su tsaya inda ake buƙatarsu, sauran a bar su da sauƙin jikinsu.

Maganata ta yau ke nan, sauran duk bayani ne. Kowane ƙarfe ka ɗora wa mota, akwai mai ɗaukarsa. A da doki ne. Yanzu birki ne da taya da sifirin da shokozoba, da aljihunka a gidan mai.

Bari mu yi lissafi, don ƙarfe ba ya jin lallashi. Faranti mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in kaurinsa milimita ɗaya ne, nauyinsa ya kusa kilo 8. Wanda aka fi sa wa ƙarƙashin mota a ƙasar nan shi ne mai kaurin 3/16 na inci, ƙasa kaɗan da milimita 5, ka ga kowane murabba'in mita kilo 37 ke nan. Alminiyam kusan sulusin nauyin ƙarfe gare shi. Ko an ƙara masa kauri zuwa milimita 6, bai wuce kilo 16 da 'yan kai ba. Amma ya fi tsada, kuma in ya hau dutse yakan cije maimakon ya zame. Yanzu tara kayan da saurayinmu ke so: bambar ƙarfe gaba da baya, injin janyo mota a goshi, sandunan gefe biyu, farantan ƙasa, da maratayin safaya. A awon da na sha yi da hannuna, da wuya su gaza kilo 200. Je ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai takardar da kamfani ya manna, ta faɗi iyakar nauyin mutane da kayan da motar za ta ɗauka. Da laba da kilo duk an rubuta. A yawancin Wrangler abin bai cika wuce rabin tan ba, wasu ma ba su kai ba. Cire 200. Ka ɗauko abokai uku majiya ƙarfi irin Alhajin da ke dariya a sahun gaba, kai na huɗu, kilo 320 ke nan. Kun haura ma'auni, ba a sa ko jarkar ruwa ba.

Abin da zai biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ka taka birki motar ta ƙara 'yan taku kafin ta tsaya, kuma a kan babbar hanyar I-40 da yamma 'yan takun nan su ne tsakaninka da bayan tirela. Taya ta riƙa ɗaukar zafi. Abin dariyar ma, sifirin ya kwanta, motar ta dusa ƙasa, dutsen da da take tsallakewa lafiya yanzu sai ta dake shi. Ka sa faranti don tsoron dutse, farantin ya kai ka ga dutsen. In kuwa nauyin a sama ka jibga shi, kan rufi, to a gangaren da ya karkace motar za ta nemi kwanciya.

Ban ce kada a sa ba. Wanda ya taɓa zuwa Uwharrie ya san dalili. Dajin gwamnatin tarayya ne da Shugaba Kennedy ya ayyana a 1961, kudu da mu, ka bi ta Asheboro ka nufi wajen Troy, tafiyar awa ɗaya da wani abu. A gefen tafkin Badin an ware hanyoyin motocin daji kimanin mil 17, ana rufe su da sanyi a buɗe da bazara, kuma sai da tikiti. Akwai masu sauƙi irin Wolf Den, akwai Dickey Bell, akwai Daniel wadda ko tsofaffin hannu sai sun sauko sun duba kafin su hau. Jar laka ce da duwatsu masu kaifi. Dutse ɗaya ya huda kaskon baƙin mai, cikin 'yan mintuna inji ya ƙone, kuɗin sabon inji kuwa ya ninka kuɗin faranti sau da yawa. Nan kam rigakafi ya fi magani. Abin da nake cewa, kafin ka buɗe intanet ka fara oda, ɗauki tocila ka kwanta a ƙarƙashin motarka. Dubi abin da ya fi kusa da ƙasa kuma yake ɗauke da ruwa a cikinsa: kaskon baƙin mai, giyabos, ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, tankin mai, ƙasan lagireto, ƙwaryar aksul. Su ne cikin doki. Sai dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda in ya lotsa ƙofa ba ta ƙara rufuwa daidai. Sauran farantan da ake mannawa a kusurwa da kan bonet, galibinsu kwalliya ce. Ba haramun ba ne, amma a kira ta da sunanta.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ɗaurin. A ganina faranti mai araha da aka ɗaura daidai ya fi mai tsada da aka ɗaura da ganganci.

Tambayar farko, a jikin me za a ɗaura? Motoci iri biyu ne. Hilux, Land Cruiser, Tacoma, 4Runner da Wrangler suna da shasi, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka ɗora bodi a kansu. RAV4, Highlander da CR-V ba su da shi, bodin ne ƙashin bayansu, kuma gwangwaninsa bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa. Sandar gefe da ake so ta ɗauki nauyin mota in ta zauna a kan dutse, dole a shasi za a ɗaura ta. Na sha ganin wadda aka ɗaura a gwangwanin bodi: kyakkyawa a ido, ranar da ta haɗu da dutse sai ta shige ciki ta tafi da ƙofa, ɓarnar ta fi ta wanda bai sa komai ba. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In ba zan iya kafa jak a ƙarƙashin sandar in ɗaga gefen motar ba, to matakala ce ta hawa, ba kariya ba. A bar kuma tazarar yatsa tsakanin sandar da bodi, domin bodi a kan roba yake zaune, yana motsi daban da shasi. In sun haɗu za ka yi ta jin ƙwanƙwasa har ka tsani motar.

Shasin ma a duba lafiyarsa. Masu sayen gwanjo, ku kula da motar da ta yi zama a jihohin arewa inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta a dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia na shekarun 2005 zuwa 2010. Ɗauki guduma ka bubbuga. In ƙarar ta fito kamar ta tsohuwar garwa, ko ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska, kada ka ɗora wa wannan ƙarfe ko kilo ɗaya.

Sai maganar huji, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan aka fi cutuwa. Inda duk kamfani ya bar rami a shasi, yi amfani da shi. In ba makawa sai an huda, leƙa bayan wurin tukuna. Akwai wayoyin lantarki, akwai bututun fetur da na man birki, a ginshiƙan bodi kuma akwai jakar iskar da ke fashewa lokacin hatsari. A ɗora farantin a matse shi da maƙali, a yi alama, a fara da ƙaramin bakin huji sannan babba. Kowane rami sabon rauni ne a jikin fenti: a goge bakinsa, a share garin ƙarfen tas, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe. Inda hannu ba ya kaiwa baya, akwai notin da ake cusawa a rami a matse shi ya buɗe ta ciki ya kama bango. Shi ake sawa, ba kusa mai cin hanyarta da kanta ba, irin ta rufin kwano.

Wani yaronmu, ba zan faɗi sunansa ba don yana iya kasancewa a zauren nan, ya kai motarsa wani shago aka manna masa farantan alminiyam a kusurwoyin baya da irin wannan kusa, ba fenti ba roba. Sanyi biyu kacal ya kawo mini ita fenti yana kumbura. Da muka cire farantin, abin da ke ƙarƙashi kamar gara ta ci. Dalili biyu ne. Laka da ruwa suna shiga tsakanin faranti da bodi su kwanta, ba iska ba rana. Sannan alminiyam da ƙarfe in suka haɗu, ga ruwan gishiri a tsakani, sai su zama kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya. Ku kuma kun ga fararen layukan ruwan gishirin da ake fesa wa titunan garin nan duk lokacin da aka ce ƙanƙara na tafe. Maganin bai kai dala ashirin ba: shimfiɗar roba a tsakani, da man toshe kafa a gefen sama, a bar ƙasa a buɗe don ruwa ya fita. A tuna kuma Wrangler daga ta 2018 ƙofofinta da bonet alminiyam ne, Ford F-150 daga 2015 bodinta duka alminiyam ne. A kansu farantin ƙarfe ne baƙo, matsalar dai ita ce.

Noti ma ba duka ɗaya ba ne. Dubi kansa. Na awon milimita za ka ga an buga 8.8 ko 10.9, na awon inci, layi uku ko layi shida. Wanda kansa fili ne ba alama, bar shi ga mai haɗa gado. A ɗaure da sifana mai awo gwargwadon yadda aka rubuta, ba a sa bututu a hau da ƙafa kamar yadda muka koya muna yara ba, domin noti in an ja shi fiye da kima ya riga ya miƙe, jiran ranar tsinkewa yake. Wanda ke kallon ƙasa a nutsar da kansa cikin farantin, in ba haka ba dutse zai aske shi, ranar kwancewa ka rasa inda sifana za ta kama. Bayan fitar farko a koma a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Walda fa? Mu mutanen gida hannunmu na saurin kaiwa gare ta. Amma abin da aka yi wa walda ba ya kwantuwa, kuma wata rana giyabos zai buƙaci saukewa. Zafinta kuma yana canza halin ƙarfe. Hedkwatar Mack da ta Volvo ta manyan motoci a Arewacin Amurka duk a garin nan suke, wasunku ma can suke aiki; ku tambaye su, a jikin shasin manyan motoci akwai gargaɗin kada a yi walda, kada a huda leɓensa, saboda ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi tauri. In ta kama dole a ƙaramar mota, a cire kan batir tukuna, don kwamfutar motocin yanzu ba ta yafiya, a kuma nisanci tanki.

Kada ku ce ina ta faɗar laifin wasu, ga nawa. Ina saurayi a Maraɗi, wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Dakoro ya kawo Land Cruiser a rufe masa cikinta. Na samo faranti na shimfiɗa tun daga gaba har tsakiya, na liƙe ko'ina, ina jin na yi gwaninta. Ban bar ramin juye baƙin mai ba, wannan kunya ce kawai. Babbar ɓarnar, lokacin kaka ne, ciyawa ta bushe. Farantin ya zama kwando, ya riƙa tara ciyawa da ƙaiƙayi a gefen salansa. Allah ya taimaka yaron motar ya ji ƙauri suka tsaya, suka kashe da ƙasa. Maigidana bai zage ni ba, cewa ya yi in ɗauko abin yanka in gyara a gaban mai motar, wanda ya fi zagi zafi. Tun ranar ba na ɗaura faranti sai da ramukan zubar ruwa da laka, da tazara tsakaninsa da salansa, da hanyar iska ga giyabos. Motocin yanzu ma sun fi haɗari a nan, don tukunyar tace hayaƙin da ke jikin salansarsu tana yin zafin ɗaruruwan digiri.

Bambar gaba kuma a yi hattara. Goshin motar zamani an yi shi ne ya lanƙwashe ya shanye duka kafin ya iso ga mutum, kuma na'urar da ke umartar jakar iska ta fashe da wannan lissafin aka saita ta. Ka sa ƙarfen da ba ya lanƙwasa, dukan bai ɓace ba, wucewa ya yi zuwa ƙirjinka. Sannan akwai wanda ke waje. Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 ta taƙaita irin waɗannan ƙarafan goshi saboda masu tafiya a ƙasa. Motar da za ta yi kwana ɗaya a daji ta yi kwana talatin tana bin gaban makaranta da bakin kasuwa, a tuna da ɗan da zai gilma. Haƙƙi ne. Kuma duk abin da ka ƙara, ka sanar da kamfanin inshorarka tun kafin ranar da za ka neme su.

Alhaji mai aikawa gida, kai shawararka gajeriya ce. Faranti ɗaya a ƙarƙashin inji, ɗaya a tanki, sifirin da shokozoba masu kyau, taya mai kaurin gefe, shi ke nan. A rairayi nauyi abokin gaba ne. Direbobin Agadas zuwa Dirku iskar taya suke ragewa, kuma duk kilon da za su ɗauka sun fi so ya zama ruwa ko mai. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna wa duniya wannan. Ranar 2 ga Janairun 1987, a Fada, dakarun Hassan Djamous a kan Toyota marasa sulke, ɗauke da makaman harbo tanka, suka tarwatsa rundunar tankokin Libiya, a watan Maris kuma suka karɓe sansanin Wadi Dum. Har yau Yaƙin Toyota ake kiransa. Saurinsu ne ya zame musu lifidi.

Na zo kan mai bugo waya daga gida, kuma ina roƙon a saurara da kyau, don wannan ba maganar fenti ba ce.

Garin nan ya san mota mai sulke ta gaske. A watan Mayun 1969, bayan rikicin da ya faro daga makarantar Dudley, sojojin jiha sun shiga jami'ar A&T da irinta, nan gabas da inda muke zaune, a kwanakin da aka kashe ɗalibi Willie Grimes. Waccan mota da wadda maƙeri ya liƙa wa faranti ba dangi ba ne. Harsashin AK-47 yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa. Ƙarfen gini na kasuwa, irin na ƙofa da tankin ruwa, ko ya kai milimita 6, yana ratsa shi daga kusa, ya kuma kwaso ɓarɓashin ƙarfen ya watsa wa na ciki. Ƙarfen sulke daban ake narka shi. Taurinsa a ma'aunin Brinell wajen 500 ne, na gini kuwa bai fi 120 zuwa 150 ba. In mai walda ya sa masa wuta yadda ya saba, gefen ɗinkin ya yi laushi, ya zama ƙofa. Gilashin da ke tare harsashin bindigar yaƙi kaurinsa wajen santimita 4 ne, murabba'in mita ɗaya ya kusa nauyin buhun masara. Kamfanonin da suka san aikin tuɓe motar suke yi tsirara, su gina akwati a ciki, kowane faranti ya hau kan ɗan uwansa don kada a bar tsaga, su rufe ginshiƙai da bango tsakanin inji da direba, su canza maratayan ƙofa da birki da sifirin, su sa tayar da ke tafiya ko an fasa ta. Land Cruiser takan ƙara tan guda ko fiye. Shi ya sa kuɗin yake abin da yake.

Ko sojan Amurka sun ɗanɗana wannan. Ranar 8 ga Disamban 2004, a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin soja mai suna Thomas Wilson ya miƙe ya tambayi Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld me ya sa suke tonon juji suna neman guntayen ƙarfe da gilashi don su liƙa wa motocinsu kafin su shiga Iraƙi. Rumsfeld ya ba shi amsar da ta zame masa abin gori, cewa da sojan da kake da shi ake zuwa yaƙi. Aka bi motocin Humvee aka yi ta ɗora musu sulke. Ya ceci rayuka, ba musu. Amma motar da aka ƙera mara nauyi ta koma tana kifewa, ƙofofinta suka yi nauyin da in ta faɗa ruwa ko ta kwanta buɗe su aiki ne, har sai da aka ƙera na'urar koya wa soja fita daga kifaffiyar mota. Nakiya kuma ta ƙasa take tashi, inda cikin motar yake a shimfiɗe. A 2007 suka haƙura suka koma sayen motocin da tun asali aka ƙera don wannan aiki, masu ƙirji kamar na kwalekwale da ke watsa ƙarfin fashewa gefe, dabarar da Afirka ta Kudu ta riga su da motar Casspir. Najeriya ma hanyar da ta bi ke nan: a Disamban 2019 aka ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna, wadda hukumar DICON ta ƙera tare da sojoji, ga kuma kamfanin Proforce a Ode-Remo ta Jihar Ogun. In ƙasar da ta fi kowa kuɗin yaƙi ta gano liƙe-liƙe ba ya kai ta, ina ga ɗan uwanmu da mai waldar bakin titi?

Na san abin da ke sa mutum wannan tambaya. Wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ko ta Gusau zuwa Funtuwa da zuciya a hannu ba za a yi masa dariya ba, kuma da yawanmu nan mun tura kuɗin fansar wani. Amma gaskiya ɗaya ce. Farantin kasuwa a ƙofa ba zai tare harsashi ba, zai rage wa motar gudu a lokacin da gudu ne kaɗai ya rage, zai sa ƙofa ta ƙi buɗuwa, kuma mafi muni zai sa wa direba ƙarfin halin bin hanyar da da ba zai bi ba. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wanda yake da halin sayen ta gaske, ya nemi takardar gwajin ƙarfen da ta gilashin, ya kuma san cewa a Najeriya mota mai sulke sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. In babu, a tashar jirgin ruwa za ta tsufa. Wanda ba shi da hali, kuɗin ya fi amfani a taya mai kyau, da inji mai lafiya, da tafiyar rana cikin ayari, da tambayar direbobin tasha kafin a kama hanya.

Shugaba yana duban agogo, na gani. Roƙona biyu ne. Duk wanda ɗan uwansa ya bugo daga gida yana neman a turo kuɗin sa ƙarfe a ƙofa, don Allah kada ya tura kafin ya maimaita masa abin da ya ji yau. Samarinmu kuma, in an tashi, motocinku na nan waje: kowa ya buɗe ƙofar direba ya karanta takardar nan, ya rubuta lambar a wayarsa. Wanda lissafin ya rikice masa ya same ni a bakin ƙofa, ina nan har a kira magariba, kuma tocilata na cikin aljihu.